Furen Babana a Ɗakin Amarya

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Na karanta duk abin da kuka rubuto mini, har da saƙon baiwar Allahn da ta ce in ba don boko ya ɓata ni ba, babu macen da za ta tayar da hankalin dangi biyu a kan ciyawa. Ban ji haushinki ba, 'yar uwa. Gwaggona ta riga ki faɗa, kuma ita a fuskata ta faɗa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Radiyya. A Agege aka haife ni, a wani gida mai hayar ɗakuna bayan layin dogo. Ranar Asabar mai zuwa aka sa za a ɗaura aurena da Mahbub. Na ce "aka sa" ne saboda abin da na aikata yau Alhamis, kuma zan ba ku shi yadda ya faru, ba tare da na wanke kaina ba.

Babana, Malam Sale, Allah ya jiƙansa, mai kula da lambu ne a gidan wani kamfani a Ikeja. Da almakashin yanke fure ya kai ni jami'a, inda na karanta ilimin tsirrai. Bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Abin da ya bari mai rai guda ɗaya ne: wani furen okid a cikin tukunyar ƙasa mai huji-huji. Shi okid ba a shuka shi a ƙasa. A daji kan bishiya yake zama, saiwoyinsa a waje suna shan iska, don haka a gida gawayi da ɓawon kwakwa ake zuba masa. Idan ya ga dama sai ya fito da siririn kara, karan ya jera ƙullaye kamar tasbaha, su buɗe ɗaya bayan ɗaya, farare tas da ɗan shuɗi-shuɗi a tsakiya, su yi watanni ba su bushe ba. Gwaggo Kalsum, ƙanwar babana, ba ta taɓa kiran sa da sunansa ba. Kauci take ce masa. Na gaji da yi mata bayanin cewa kauci shan jinin bishiya yake yi, wannan kuwa zama kawai yake a kanta.

Tun da Baba ya rasu furen ya ƙi yin fure. Ganyensa ya yi ta zubewa har ya rage biyu, su ma sun yi laushi kamar kunnen akuya. Kowa ya ce in yar. Na mayar da shi tagar ɗakinmu, inda ranar safe ke shigowa ta cikin labule. Na yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da reza, na canza gawayi. Ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu bai karɓe shi ba, sai na koma tarar ruwan sama, na yi faɗa da rabin matan gidan a kan wurin ajiye bokiti. Kowace safiya sai na cusa yatsa cikin ɓawon kwakwar, in da danshi in bar shi, in ya bushe in jiƙa shi in bar shi ya tsane. Da wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya kama shi, da tsinke da auduga na bi shi lungu-lungu ina gogewa. Na gama bautar ƙasa, na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye, ana ta yi mini gorin zaman gida da aure, ni kuma ina kallon ganye na uku yana fitowa. Ban yi kuka a gaban kowa ba.

Bana ya fito da kara. Ranar da na gan shi sai da na zauna a ƙasa. Umma ta leƙo ta duba, ta koma, amma ranar ba ta ci abincin rana ba.

To a nan ne Hajja Yagana ta shigo labarin. Mahaifiyar Mahbub, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ce ta ɗauko ta tun daga Maiduguri don ta yi mini gyaran jiki, kyauta daga uwar miji. Ta sauka da buhun kaya: dilka, halawa, humra, itatuwan turare, da kasko har uku. Tana shiga ɗakinmu ta ce a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ni kuwa na san abin da hayaƙi ke yi wa okid mai ƙulli. Ba ya kashe shi nan take. Ƙullayen ne za su yi rawaya, su motse, su zube tun ba su buɗe ba, sai kuma wata shekarar in da rabo. Ko ayaba nunanniya ba a ajiyewa kusa da shi saboda wannan, balle kasko uku.

Na ce a yi haƙuri, ba a ɗakin nan ba. Falonmu kuwa cike yake da baƙi, barandar gida kuma janareta da risho na maƙwabta. Hajja Yagana ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ta gyara 'ya'yan manya a Abuja ba a taɓa fitar da ita saboda ganye ba. Kafin la'asar magana ta isa kunnen Hajiya, kuma yadda ta isa shi ne wai na kori kyautarta.

Mahbub ne ya kashe wutar. Shi mutum ne mai sanyi, aikin fitar da kaya yake yi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya saba da lallashin mutane masu taurin kai. Ya ce in ba shi furen ya kai sabon gidanmu a Ilupeju, babu kowa a ciki, kuma akwai baranda mai inuwa. Da hannuna na sa tukunyar a kujerar gaba na ɗaura mata bel. Na ce kar ya kunna mata sanyin mota, kar ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye, kar ya juya ta don karan ya riga ya san inda haske yake.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ko jariri aka ba ni ba a yi mini wannan huɗubar ba."

"Jariri ai yana kuka. Wannan shiru zai yi ya mutu."

Ya cika alkawari, kullum sai ya turo hoto. Ni kuma na miƙa wuya ga Hajja Yagana. Ta zaunar da ni kan kujera mai huji, ta lulluɓe ni da bargo, hayaƙi na shiga idona ina hawaye, tana murza ni da dilka kamar tana wanke tukunya. Na daure. Da aka zo maganar jere na ja Gwaggo Kalsum gefe na roƙe ta, na ce ga fure nan a baranda, don girman Allah a bar shi inda yake. Ta ce ta ji. Na sa Mahbub ya gaya wa ƙanwarsa Mastura, ya ce ya gaya mata. Jiya Laraba mata suka tafi jere, namu da nasu, suka dawo suna ta yabon labule.

Yau da hantsi ina zaune a kan tabarma, an gama zana mini lalle hannu da ƙafa, na baje yatsu ina jira ya kama. Tsakar gida ana suyar dubulan da cincin. Kaneng, ƙawata 'yar Jos da ke haya a ɗakin da ke kallon namu, ita ke riƙe mini waya tana nuna mini abin da mutane suka ɗora. Sai ta zo kan bidiyon Mastura. Falo, kujeru masu ruwan toka, kicin da jerin tukwane, ana ta guɗa a baya. Hoton duk ya yi dishi-dishi, na ɗauka kyamarar ce. Da aka shiga uwar ɗaka na gane hayaƙi ne.

Kaneng ta tsayar da bidiyon. "Radiyya, ba furen babanki ke nan ba?"

Shi ne. A kan madubin kwalliya, tsakanin kwalaben humra, an ɗaura wa tukunyar jan ƙyalle. A ƙasa, daidai ƙafar madubin, kasko na tuƙa hayaƙi. A ƙarƙashin bidiyon Mastura ta rubuta: "Ɗakin amaryarmu, a rufe ruf sai Asabar." Ku mata kun san yadda ake yi. A rufe tagogi, a sauke labule, a riƙa zuwa ana ƙara garwashi don ƙamshi ya kama bango da katifa. Tun jiya ke nan yana ciki.

Kaneng ta kira mini Mastura ta kara mini wayar a kunne. Yarinyar dariya ta yi, ta ce Anti fure ne fa, shi ma ya sha ƙamshi. Ta ce Yaya ya faɗa mata, amma Gwaggona ce da kanta ta ɗauko shi daga baranda, wa zai hana babba? Na tambayi makulli, ta ce ita tana wurin ɗinki a Ebute Metta.

Na fita tsakar gida ina tafiya da dunduniya saboda lalle. Gwaggo na bakin kaskon suya. Ba ta musa ba. Ta ce madubin ya yi fayau, ta ga abin ɗan uwanta a yashe a waje kamar ba shi da gata, ta shigo da shi ɗakin 'yarsa, laifi ne? Wallahi da mugunta ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce Gwaggo zai zube. Ta ce in ya zube wani ya fito, ita auren 'ya take yi ba noma ba, kuma in koma ciki kar rana ta ɓata aikin Hajja.

Mahbub bai ɗauka ba sai a kira na uku. Ƙarar tireloli ta cika wayar. Ya ce tun safe yake maƙale a layin Apapa, gaba ba hanya baya ba hanya, ko okada ba ya iya ratsawa. Na ji muryarsa ta canza da na gaya masa. Ya ce in ba shi zuwa dare. Na ce zuwa dare babu abin da za a ceta. Ya ce akwai makulli wurin maigadi, bari ya kira wani, sai layin ya yanke. Kaneng ta yi ta gwadawa, a kashe.

Ta ce ita za ta je. Na gode mata, amma maigadin bai san ta ba, ni kuwa ya taɓa ganina ranar da Mahbub ya kai ni da Mastura muka ga ginin kafin a yi fenti. Wannan ita ce hujjar da na ba ta. Gaskiyar da ke raina kuma ita ce na gaji da aike. Na aiki Gwaggo, na aiki Mahbub, na aiki Mastura, ga inda aike ya kai ni.

Umma ta same ni a banɗaki ina kankare lallen da bai gama kamawa ba. Ta tsaya tana kallon jan ruwan da ke bin rariya.

"Amarya ba ta kai kanta, Radiyya."

"Ba zama zan je yi ba, Umma. Ɗauko shi kawai zan yi."

"Su ba za su tambayi abin da kika je yi ba. Mai furen ma ya tafi mun haƙura. Ki bar shi."

Aka kira ta daga falo ta tafi. Na zura dogon hijabinta mai ruwan ƙasa a kan zanen gyaran jikin da ke jikina, na sa safa, Kaneng ta tsaya tana jan matan tsakar gida da hira, na bi ta ƙofar baya.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙamshi. Mako da makonni ana turara ni, hijabi ba ya ɓoye wannan. Ina shiga danfo, motar haya mai zuwa Oshodi, kowa ya waiwayo. Wata dattijuwar Bayarabiya mai kwandon barkono ta kama hannuna ta juya, ta ga lallen da ya tsaya rabi, ja-ja kamar an zuba manja. Ta ce da Yarabanci, amarya, gudu kike yi ko kora aka yi? Motar ta ɗauki dariya, kwandasta ya ce in dai gudu ne shi yana da ɗaki a Mushin. Na mayar masa da Yarabancin da ya fi nasa, na ce ya fara gyara ƙofar motarsa da ke riƙe da igiya. Aka sake dariya. Ni kuwa ina ta lissafin abin da na karanta: in ƙullin ya fara rawaya ya tafi, in yana kore akwai fata.

Waya ta fara ruri tun kafin mu wuce Ikeja. Gwaggo. Gwaggo kuma. Umma. Sai Kawu Hamidu, yayan babana, wanda shi ne waliyyina, mutumin da bai taɓa kirana da kansa ba. Na kife ta a cinya. Muna kan gadar Oshodi saƙon Mahbub ya shigo daga wata baƙuwar lamba: "Wayar wani direba na ara. An ce kin fita. Don Allah Radiyya kar ki je gidan yanzu. Ki jira ni." Na karanta sau biyu. Na rubuta "Na kusa", na goge, na jefa wayar a jaka.

Na san wasunku za su ce a nan ya kamata in juya. Na yi tunanin haka. Na tuna mutumin nan bai taɓa yi wa furen dariya ba, shi kaɗai a cikin duk waɗanda suka zo neman aurena ya tambayi sunansa. Amma na tuna kuma shi yana da uwa da uba da gidaje, in wani abu nasu ya lalace sai su sayi wani. Na sauka na hau keke zuwa Ilupeju.

Maigadin ya gane ni, ya washe baki, sannan ya daina. Ya ce ba sai da makulli ba, akwai mutane a sama. A lokacin na lura da baƙar motar da ke cikin harabar, da direba yana barci a ciki. Motar Hajiya. Ashe abin da Mahbub ke nufi ke nan. Ta zo ƙara garwashi, ta kuma taho da ƙawayenta su ga ɗakin surukarta.

Na daɗe a ƙasan bene ina riƙe da ƙarfen matakala. Ƙamshin yana saukowa har inda nake. Na hau.

Takalma masu tsada ne jere a bakin ƙofa. Na ƙwanƙwasa, na yi sallama. Hajiya ce ta buɗe da kanta, cikin leshi ruwan zuma, da ɗan cokalin turare a hannu. Hayaƙi ya biyo bayanta. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, ta leƙa bayana tana neman waɗanda suka rako ni.

"Wa ya kawo ki?"

"Ba kowa, Hajiya."

Daga cikin falo wata ta ce, "Wace ce? Au, amaryar ce? Ikon Allah. 'Yan Legas ba sa jiran mota." Wata ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

Kaina a sunkuye na yi bayani. Na ce furen mahaifina ne aka sa a uwar ɗaka bisa kuskure, hayaƙi zai zubar masa da ƙulli, a taimaka a miƙo mini shi daga nan in juya, ba sai na shiga ba. Na rantse muku da ladabi na faɗa. Hajiya ta ce wato dai furen nan ne kuma. Ta ce an kori mai gyaran da ta aiko saboda shi ta yi shiru, yanzu turaren da ta haɗa da hannunta shi ma guba ne. Ta ce babu abin da zai fita daga ɗakin nan, an gama jere, ba a warware jere.

"Tashi ki koma gida, na rufa miki asiri a ce ba ki zo ba. Amma in kika tsallake ƙofar nan, kin kawo kanki ke nan. Kar wani ya tara mini mutane ranar Asabar da sunan kai amarya."

Ƙofar uwar ɗakan a buɗe take. Daga inda nake durƙushe ina hango madubin. Karan ya ɗan sunkuya, kuma a kan farin ƙyallen da aka shimfiɗa akwai wani abu ƙarami, rawaya, kamar ƙwayar masara.

Na cire takalmina na shiga.

Ba wanda ya tare ni. Na ratsa ta gaban matan nan, na kwance jan ƙyallen na ninke shi na ajiye, na rungumi tukunyar. Ƙullaye biyu sun faɗi, ɗaya ya motse, sauran suna kore. Da na fito na sake durƙusawa na ce Hajiya ki yafe mini. Ba ta dube ni ba, waya ce a kunnenta, tana cewa a haɗa ta da Alhaji Hamidu.

A cikin hijabi na ɓoye shi har Agege, ina kare shi daga hayaƙin motoci da gwiwar mutane. Da na shigo gida suya ta tsaya. Babu wanda ya yi mini magana, Gwaggo ta juya mini baya, Hajja Yagana tana ɗaure buhunta. Na wanke ganyen da ruwan sama, na mayar da shi tagarsa, na buɗe gilasan duka. Ko sauran za su tsira ban sani ba, hayaƙi ba ya nuna aikinsa a rana ɗaya.

Bayan la'asar motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. Ta labule na ga Kawu Hamidu, na ga mahaifin Mahbub, na ga Mahbub a bayansu, rigarsa duk baƙin mai, bai ɗago kai ba. Aka fitar da mata daga falo aka shimfiɗa darduma. Wayata ta yi haske, saƙon Mahbub ne: "Ina nan. Kome aka tambaye ki, ki yi magana a hankali." Ban san ko wannan saƙon mai tsayawa tare da ni ba ne ko na mai sallama.

Umma ta shigo ta rufe ƙofa. Na miƙe ina jiran faɗa. Ta wuce ni ta je taga, ta daɗe tana kallon karan, ta sa bayan yatsa ta taɓa ƙulli ɗaya a hankali yadda Baba ke yi.

"Wannan zai buɗe?"

"Ban sani ba, Umma."

Ta ɗauko mayafi daga kan gado ta yafa mini, ta gyara shi ya rufe hannayena.

"Kawunki na kira. Na gaya musu ni na aike ki, na ce furen mijina ne, ni na kasa haƙura. Sun ce sai sun ji daga bakinki." Ta riƙe haɓata ta ɗago fuskata. "Na san halinki. Kar ki ƙaryata ni a gaban surukai."

Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ko a kan kuɗin cefane. In na ce haka ne, duk Agege za ta ce gwauruwar Malam Sale ce ta tura 'yarta gidan miji kafin a ɗaura. In na ce ba haka ba ne, na kunyata ta a gaban maza, kuma na san abin da zai biyo baya.

Daga falo Kawu ya yi gyaran murya ya kira sunana. Umma ta ɗaga mini labule.